Robar Tsotson 'Yar Tsana da Ta Sa Aka Janye Kayan Wasa Miliyan 3.2: Nazarin Lamarin Calico Critters

A ranar 9 ga Maris, 2023, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan da jama'a ke saya a Amurka, wato CPSC, ta ba da sanarwar janye kimanin saiti miliyan 3.2 na 'yan dabbobin wasan nan da ake kira Calico Critters. A ƙasar Sin ake ƙera su, kamfanin Epoch Everlasting Play ke shigar da su Amurka, kuma an sayar da su tun daga Janairun 2000 har zuwa Disambar 2021 a Walmart da Meijer da Amazon da wasu shaguna, kan dala 10 zuwa 80. Dalilin janyewar wasu 'yan tarkace biyu ne da ke zuwa tare da jariran dabbobin: 'yar fida da 'yar robar tsotso. Kamfanin ya samu rahoton aukuwa uku da suka shafi robar tsotson. A biyu daga ciki yaran sun rasu, ɗaya mai shekara 2 a jihar Niyu Meksiko, ɗaya kuma mai wata 9 a Japan.

A jikin kwalin an rubuta cewa kayan na 'yan shekara 3 ne zuwa sama. Duka yaran biyu ba su kai ba. Mai gaggawar yanke hukunci zai ce ai shi ke nan, an saɓa wa gargaɗi. Wanda ya san yadda kayan wasa ke zama a cikin gida ba zai tsaya nan ba, domin jariri ɗan wata 9 ba ya zaɓar abin wasa a kanti, ba kuma wanda zai sayo masa zomo mai tufafi da kujera. Abin da ya tsinta a ƙasa yake kaiwa baki.

Abin da ke cikin kwalin

Kamfanin Epoch na Japan ne ya fara fito da waɗannan dabbobi a 1985 da sunan Sylvanian Families, sunan da aka san su da shi har yau a Turai da Asiya. A Amurka da Kanada ne ake ce musu Calico Critters, tun 1993. Jikinsu roba ce mai tauri da aka shafa wa gam aka barbaɗa wa gajeren gashi, ya kwanta luf kamar karammiski. Iyali-iyali ake sayar da su: gidan zomo, gidan kurege, gidan bushiya, gidan kyanwa, uwa da uba da 'ya'ya, kowa da suturarsa. Babba yakan kai wajen santimita 8, jariri kuwa kusan rabin haka. Sai gidajensu da motocinsu da gadaje da tukwane da cokula, kowanne an ƙera shi daidai da girman mai shi.

Wannan daidaita girma shi ne daɗin abin ga mai tarawa, kuma daga nan haɗarin ya fito. Jaririn da tsayinsa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, robar tsotson da za ta dace da bakinsa ba za ta wuce wajen santimita 1 ba. Ba a maƙala ta a jikinsa ba, ana sa masa a cire.

Akwai wani hali na kayan tarawa da ya bambanta su da sauran kayan wasa. Mota ko ƙwallo akan saya, ta lalace, a yar. Waɗannan kuwa ƙaruwa suke yi. An sayi gidan zomo bana, baɗi a ƙaro tagwayen kare, bikin zagayowar haihuwa ya kawo ɗakin girki. Saiti goma suna haɗuwa a akwati guda, tarkacensu ya kai ɗaruruwa, ba kuma wanda ya san adadinsu. In ba ka san yawan abu ba, ba za ka san ranar da ɗaya ya ɓace ba. Ga shi suna da ƙarko, ba a zubar da su: yaya ta girma ta bar wa ƙanwa, an ba 'yar maƙwabta, an sayar a intanet ga mai neman tsohon samfuri. Yarinyar da aka saya wa saitin tana shekara 4 a 2000, ranar da aka yi sanarwar janyewa tana da shekara 27, mai yiwuwa da nata jaririn yana rarrafe kusa da akwatin.

Me ya sa robar tsotso, ba cokali ko faranti ba

A cikin saitin akwai ƙananan abubuwa birjik, amma rahotannin uku duk a kan abu ɗaya suka faɗa. Dalilai uku ne suka haɗu a kansa.

Na farko, siffarsa umarni ce. Yaro ɗan wata 9 ko ɗan shekara 2 bai san amfanin 'yar fitilar tebur ba, amma ya san abin da ake yi da robar tsotso da fida, don shi ma da su yake kwana. Ɗan shekara 2 kuma yana tsakiyar shekarun kwaikwayo: zai sa wa zomo a baki, sannan ya gwada a nasa. Wani lokacin ma yayarsa 'yar shekara 4 ce za ta ɗauki 'yar fidar ta "shayar" da ƙanenta na gaske, da kyakkyawar niyya.

Na biyu, ƙirarsa. Robar tsotso ta gaske dokar Amurka ta tilasta a yi mata faffaɗan faifai wanda ba zai shige bakin jariri ba, da aƙalla huji biyu a jikin faifan, kowanne bai gaza milimita 5 ba, don ko ya shige iska ta samu hanya. Ta wasa tana da siffar ta gaske amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya. Kai ne mai ɗan tsini da zagayayyen faifai a bayansa. Tsinin yana shiga gaba, faifan ya zauna a kan ƙofar maƙogwaro ya rufe ta ruf. Abu mai kusurwa ko mai faɗi siriri yakan bar 'yar kafa a gefe. Zagayayye mai santsi ba ya bari, in ma ya bari, yawu da majina su cike ta.

Na uku, jikin yaron. Faɗin bututun iskar ƙaramin yaro bai wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba. Turamen haƙoransa na ƙarshe ba sa gama fitowa sai ya doshi shekara 3, don haka abu ya kan zame masa zuwa baya maimakon ya tsaya a tauna. Tarinsa ba shi da ƙarfin da zai turo abin da ya maƙale. Galibi kuma abin yana wucewa ne a lokacin da yaron ya ja numfashi da ƙarfi ba shiri: ya yi dariya, ya fashe da kuka, ya yi tuntuɓe, ko an daka masa tsawa. Shi ya sa wanda ya hangi abu a bakin yaro bai kamata ya yi ihu ko ya zaburo masa ba. A tausashe ake matsowa, a sunkuyar da kansa gaba, a sa ya tofar.

Kwamitin binciken haɗurran kayan masu saye na Japan ya fitar da rahoto a 2017 kan yadda kayan wasa ke toshe wa ƙananan yara numfashi. Ya ja hankalin iyaye kan duk abin da bai kai santimita 4 ba, ya kuma nuna cewa masu girman milimita 6 zuwa 20 su ne suka fi haɗari, domin su ne ke wuce baki su kai can ƙasa inda yatsa ba ya isa. Robar tsotson 'yar tsana a tsakiyar wannan ma'auni take.

Abin da doka ta ce, da inda ta bar giɓi

Tun 1980 Amurka ta haramta sayar da abin wasan da aka yi don 'yan ƙasa da shekara 3 in yana da ƙaramin sashe. Ma'aunin "ƙarami" ba da ido ake yin sa ba. Akwai bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, gindinsa a karkace, zurfinsa milimita 25.4 a gefe ɗaya, 57.1 a ɗaya gefen. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya, ta kowace fuska aka juya shi, ba tare da an danna ba, ƙaramin sashe ne. Turai ma da wannan bututu take aiki a ƙarƙashin ƙa'idar EN 71. Ƙwallo kuwa nata ma'aunin ya fi tsanani: in faɗinta bai wuce milimita 44.4 ba, ba ta halatta ga wannan rukuni.

Ba a tsayawa kan yadda abin ya fito daga kwali. Sai an wahalar da shi yadda yaro zai yi. Na 'yan wata 18 zuwa ƙasa ana sako shi sau 10 daga tsayin mita 1.37, a murɗa duk abin da yatsa ko haƙori zai iya kamawa, a ja shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 4.5. Na 'yan wata 18 zuwa 36 ana sako shi sau 4 daga santimita 91, a ja da ƙarfin kilo 6.8. Duk abin da ya ɓalle a jefa shi cikin bututun. In ya shige, abin wasan ya faɗi.

Kayan 'yan shekara 3 zuwa 6 kuwa an yarda su zo da ƙananan sassa, da sharaɗin da dokar 1994 ta gindaya: a rubuta gargaɗin shaƙewa a fuskar kwalin, a bayyana cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne. Dokar 2008 ta ƙara da cewa gargaɗin ya fito har a shafin da ake tallar kayan a intanet. Ke nan robar tsotso mai santimita 1 haramun ce a kwalin da aka yi wa ɗan wata 35, halal ce a kwalin ɗan wata 36.

Sai dai dokar ba ta bar wa kamfani wuƙa da nama kan shekarun ba. Abu uku ake dubawa: abin da mai ƙerawa ya rubuta, in ya yi daidai da hankali, yadda ake tallata kayan, da kuma ko jama'a sun saba ɗaukarsu a matsayin na ƙananan yara. Bayan haka dokar ta lissafa nau'o'in kayan da ta shafa, kuma a cikin jerin ta ambaci dabbobin da aka cusa wa auduga, da masu gashi, da waɗanda aka barbaɗa wa gashi irin na Calico Critters. A kan wannan jumla aka yi ta ja-in-ja a ƙararrakin da aka shigar a kotunan Amurka: shin lambar 3 da ke kan kwali ta isa ta fitar da zomo mai laushin jiki daga wannan jeri? A ganinmu, ko da wace amsa lauyoyi suka tashi, ɗan shekara 2 ya riga ya ba da tasa. Abu ne mai laushi, mai manyan idanu, daidai tafin hannunsa.

Giɓin na gaskiya shi ne, ƙa'idar tana auna yaro ɗaya da kwali ɗaya. Gida kuwa yara ne masu shekaru daban-daban a kan tabarma guda, kwalin kuma tun ranar farko ya tafi kwandon shara da gargaɗinsa.

Ba wannan ne karo na farko da ƙananan kayan tarawa suka kai ga haka ba. Kamfanin Fisher-Price ya sake fasalin 'yan mutanensa na Little People a 1991, ya yi su masu kauri, bayan tsoffin, masu zagayen kai da siririn jiki, sun maƙale wa yara a wuya. A Disambar 1999 gidan abincin Burger King ya janye sama da ƙwallayen Pokémon miliyan 25, waɗanda ake sa ɗan abin wasa a cikinsu, bayan wata yarinya 'yar wata 13 ta rasu a Kalifoniya. A nan mazubin ne ya yi kisa: rabin ƙwallon ya manne mata a kan hanci da baki. Wannan darasi ne ga masu sayen dabbobin da ke zuwa a rufe cikin ƙwanso ko ƙwallon roba don mamaki. Ƙwanson ma a ɗauke shi a matsayin abin da za a yar nan take.

Janyewar da iyakarta

Abin da aka umarci masu kayan su yi mai sauƙi ne: a karɓe fidar da robar tsotson daga hannun yara, a aika wa kamfanin hotonsu tare da tabbacin an lalata su, shi kuma ya aiko da wani tarkacen kyauta a madadinsu. An wallafa jerin lambobin saitin da abin ya shafa, lambar kuma tana ƙasan kwali.

Nan ne aikin ya yi rauni. Saitin da aka saya a 2006, ina kwalinsa? Ba a rajistar kayan wasa irin waɗannan da sunan mai saye, don haka kamfani ba shi da wanda zai kira. Wanda ya gada ko ya saya a hannu bai ma san sunan saitin ba. Ga tazara: an daina sayarwa a Disambar 2021, sanarwa ba ta fito ba sai bayan fiye da shekara ɗaya. Ladan da aka sa, ɗan tarkacen roba, ba abin da zai sa mutum ya zazzage akwati ya yi ta tsinta ba ne. Janyewa tana kwashe abin da ke kan kanta, amma bayan shekara 22 ana sayarwa, mafi yawan kayan suna gidajen mutane.

Don haka kada a ɓata lokacin neman lamba. Duk robar tsotso ko fidar da ke cirewa daga bakin jaririn dabba, ta wannan kamfani ce ko ta jabun da ke kwaikwayonsa, a fitar da ita. A Amurka laifi ne sayar da abin da aka janye, ko da a hannu ne, amma wanda ke sayar da tsohon akwatin 'yarsa ba lallai ya sani ba. Mai saye shi zai duba. Wajen lalatawa kuma a kula: yanka ta da almakashi yana mayar da abu ɗaya gutsattsari uku, ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera. A yanka a cikin leda, a ƙulle, a kai shara ta waje.

Yadda ake tantance tarin da ke gida

Ana yin wannan aiki a kan tebur, yara ba sa nan, a kan faranti mai baki ko farin zane don kada wani abu ya gangara. A zazzage komai, har aljihunan 'yan kabad da cikin 'yan motoci.

Ana buƙatar ma'auni. Bututun gwajin ana sayar da shi, amma kwalin tsakiyar takardar bayan gida ya wadatar. Faɗinsa wajen santimita 4 ne, ya fi na hukuma faɗi, ke nan ya fi shi tsanani, kuma hakan ya fi. A Japan ma'aunin da ake ba iyaye milimita 39 ne, gwargwadon buɗewar bakin ɗan shekara 3. A gwada kowane abu ta tsaye da ta kwance. Mutane kan yi mamakin ganin jariran dabbobin kansu suna zurmawa ciki. Su ma ƙananan sassa ne, ba tarkacensu kaɗai ba.

Kashi uku za a yi. Na farko, abin da za a yar ko a kulle har sai babu ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan: duk mai siffar abin sa wa a baki, wato robar tsotso, fida, 'yan kofuna, da kayan abinci na roba, duk zagayayye mai santsi, duk mai maganaɗisu ko ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Waɗannan biyun na ƙarshe haɗarinsu daban ne kuma ba ya jira: maganaɗisu biyu suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, batirin kuwa yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2. Kashi na biyu, abin da ya shige bututun amma babban yaro yana buƙatarsa a wasa. Na uku, abin da bai shige ba.

Kashi na uku ma sai an gwada shi da hannu. A kama kunne, wutsiya, ido, maɓallin riga, ƙafar kujera, a murɗa, a ja da ƙarfi sosai, kilo 6.8 ba ɗan taɓawa ba ne. Wuraren da suka fi sakewa su ne inda gam ya riƙe maimakon ƙira: ƙwayar ido, wutsiyar da aka cusa a rami, da 'yan duwatsun ado na tufafi. Tsufa yana busar da gam, rana tana sa roba ta yi gautsi, wanka da ruwan zafi kuma yana ɗaga gashin jikin ya fara saɓulewa. Wanda ya fara tsagewa ba a gyara shi da gam a mayar wa ƙaramin yaro.

Kashi na biyu shi ke buƙatar tsari, don shi ne zai ci gaba da zama a gidan. A rage yawansa zuwa abin da za a iya ƙirgawa: guda 15 ko 20 a akwati mai murfin da ke kullewa, a rubuta adadin a kan murfin, ko a ɗauki hoton abin da ke ciki a manna. A fito da 18, a mayar da 18. In 17 suka dawo, ba a sauke jariri ƙasa sai an ga na ƙarshe. A yi wasan a kan tebur, a cikin tire, ko a ɗakin da ake rufewa, ko lokacin barcin ƙaramin. Akwatin ya zauna a sama inda ko an taka kujera ba a kaiwa. Mai nema kuma ya durƙusa ya duba daga inda mai rarrafe ke gani: ƙarƙashin kujera, bakin kafet, tsakanin matasan kujera, aljihun babban yaron, kujerar mota. Haska tocila a kwance a kan daɓe yana sa ƙaramin abu ya yi doguwar inuwa, a gan shi.

Babban yaro yana iya taimakawa, kuma 'yan shekara 5 suna son a ba su bututun su yi gwajin da kansu. Amma ba a ɗora masa nauyin ran ƙanensa. Ƙirgar ta manya ce. Haka kuma cika shekara 3 ba ya canza halin yaro dare ɗaya. Wanda har yanzu yake tsotsar wuyan riga ko tauna murfin biro, ko mai jinkirin girma, a bi halinsa, a bar lissafin kalanda.

In abin ya riga ya faru

Shaƙewa ta gaske shiru take. Yaron da ke tari da ƙarfi, yana kuka ko magana, iska tana wucewa. A bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa, kada a buga masa baya ko a ba shi ruwa. Wanda ya buɗe baki babu sauti, idanu sun firfito, leɓe ya fara canza launi, shi ne hanyarsa ta toshe. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, don haka wanda ke wurin shi ne likitan farko. Wani ya kira motar asibiti, wani ya fara aiki.

Jaririn da bai kai shekara 1 ba: a kifa shi a kan damtsen hannu, hannun a kan cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, yatsu suna tallafe da haɓarsa ba tare da matse wuya ba. A sa gindin tafin hannu a buga masa a tsakanin kafaɗunsa sau 5, bugu mai ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. In bai fito ba a juya shi rigingine, kai har yanzu a ƙasa, a danna tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau 5, zurfin wajen santimita 4. A yi ta maimaitawa. Ba a matsa wa jariri ciki, don hantarsa ba ta da kariya sosai.

Wanda ya wuce shekara 1: a sunkuyar da shi gaba, bugu 5 a baya, sannan a durƙusa a bayansa, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya, ƙasa da ƙashin ƙirji, a rufe da ɗaya hannun, a ja ciki da sama da sauri sau 5. In yaro ya sume, a kwantar da shi a wuri mai tauri a fara danna ƙirji da hura iska, ana leƙa bakin kafin kowace hurawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zura yatsa a laluba. Abu zagayayye mai santsi ba ya kamuwa, turawa ake yi, sai wanda ya tsaya a sama ya gangara ya zauna daram. Abin da ido ya gani kuma yatsa zai iya ɗaukowa kaɗai ake cirewa. Ba a riƙe yaro ta ƙafa a girgiza shi, ba a sa shi amai. Duk wanda aka matsa wa ciki ko ƙirji, ko abin ya fito, likita ya duba shi.

Akwai kuma yanayin da ke yaudara. Yaro ya sarƙe, ya yi tari na ɗan lokaci, ya dawo wasa kamar ba a yi ba, abin kuma ba a gan shi ya fito ba. Yana iya yiwuwa ya wuce ya sauka cikin reshen huhu ɗaya. Alamun sukan zo bayan kwanaki ko makonni: tarin da ya ƙi jin magani, shesshekar numfashi a gefe ɗaya na ƙirji, zazzaɓi da ciwon huhu da ke warkewa ya dawo a wuri guda. Sau da yawa akan ɗauka asma ce. Roba ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba, don haka hoto mai kyau ba ya wanke zargi. Abin da likita zai dogara da shi shi ne labarin da aka ba shi, daga nan ya yanke shawarar zura bututu mai kyamara cikin hanyar iska ya duba, ya ciro. A faɗa masa ranar da yaron ya sarƙe, da abin da ya ɓace daga akwati. Saitin tagwaye da na 'yan uku sukan zo da tarkace iri ɗaya fiye da guda. In akwai ɗan'uwan abin da ya ɓace, a sa shi a leda a tafi da shi asibiti, likita ya ga girmansa da siffarsa kafin ya zaɓi abin da zai kamo shi da shi.